Ɗa Ɗaya a Kowace Haihuwa: Nazarin Wani Garken Barewa a Bakin Gulbin Maradi

Asalin lamarin

Mai garken dattijo ne ɗan kasuwa, mazaunin Maradi, wanda ya daɗe yana kiwon jar akuya a wata garka tasa da ke bakin gulbi tsakanin Maradi da Tibiri. Wani abokin cinikinsa na arewa ne ya ba shi kyautar barewa huɗu, namiji ɗaya da mata uku, biyu manya ɗaya kuma ba ta kai shekara ba. Tun da dokar 1998 ta farauta da kare namun daji a Nijar ba ta yarda mutum ya tsare naman daji a gidansa haka kawai ba, sai da ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji kafin a sauke su. A watan Janairu aka zuba su a wani shinge na ragar waya mai tsawon mita 15 da faɗin mita 12, tsayinsa mita 2, jingine da garken awaki, aka kuma ɗora kulawarsu a kan yaron da ke kiwon awakin.

Lissafin da Alhaji ya yi a ransa lissafin akuya ne, kuma duk wanda ya tashi a Maradi ba zai ga laifinsa ba. Jar akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, tagwaye a wurinta ba abin ba da labari ba ne, uku ma ana gani, kuma idan ta samu ci tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Saboda wannan albarka da kuma kyan fatarta ne aka kafa mata cibiyar kiwo a Maradi tun farkon shekarun 1960. Da wannan ma'auni ya sa ran cewa mata uku za su zama garken kai ashirin kafin shekara ta huɗu ta ƙare.

Shekara ta farko: haihuwa biyu, ɗa ɗaya ya rayu

Babbar ta farko ta haihu a watan Agusta, ɗa ɗaya. Da hantsi yaron ya tarar da jaririn kwance a gindin waya, ya miƙe wuyansa a ƙasa, kunnuwa a kwance, ba ya ko motsi, uwar kuma tana can ɗaya ƙarshen shingen tana cin harawa kamar ba ta san da shi ba. Ya jira har azahar bai ga ta je wurinsa ba, sai ya ɗauke shi ya kai ɗaki, ya aika wa Alhaji cewa uwar ta ƙi ɗanta. Aka dama madarar gari aka riƙa ba shi da robar shayar da jariri. A rana ta uku zawo ya kama shi, a ta biyar ya mutu.

Ta biyun ta haihu a watan Satumba, ita ma ɗa ɗaya, mace. Ba wanda ya ga haihuwar, domin ta yi ta ne a bayan wani tarin kara da aka jingine a kusurwa tun kaka, kuma sai a rana ta huɗu aka lura hantsar uwar ta sauka, aka leƙa aka ga ƴar. Wannan ta rayu ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba. A lokacin ba a ɗauki zancen karan da muhimmanci ba, har ma an kwashe shi bayan damina don gudun maciji, aka share filin tas. Shekara ta ƙare da kai biyar.

Shekara ta biyu: ƙarin maza da ƙarin hatsi

Alhaji ya zargi abu biyu, ƙarancin namiji da ƙarancin abinci. A watan Janairu ya samo maza biyu baligai daga wani mai kiwon barewa, aka zuba su cikin shinge ɗaya da na farkon. Namijin barewa dabba ce mai kare fili, yana tara kashinsa wuri ɗaya don shaida iyakarsa, kuma ba ya haƙuri da wani baligi a inda matansa suke. A daji wanda aka ka da shi yakan bar wurin, amma cikin mita 15 babu wurin zuwa. Faɗa ya zama na kullum, matan kuma ba su samun kwanciya, domin da wannan ya bar korar su sai wancan ya ɗauka. A watan Mayu, cikin irin wannan gudu, babbar da ta fara haihuwa ta afka wa waya da ƙarfi ta karya wuya. Da aka feɗe ta an tarar da ciki, ɗa ɗaya.

Batun abinci kuwa dabara ce da masu awaki da tumaki suka sani, kuma tana yi musu aiki: idan aka ƙara wa mace abinci mai ƙarfi makonni kaɗan kafin barbara, takan saki ƙwai fiye da ɗaya, tagwaye su yawaita. Sai aka riƙa zuba wa barewan tiya guda ta hatsi haɗe da dusa kowace safiya. Tumbin barewa na ganye ne da ɗanyar ciyawa da ƴaƴan itace, kuma hatsi mai yawa da aka shigar farat ɗaya yana tsami a cikinsa. A watan Yuni ɗaya daga sababbin mazan ya kwana da kumburin ciki, gari bai waye da shi ba. Ƙaramar macen ma ta yi kwana uku ba ta tuƙa, amma ta tashi.

Haihuwa biyu aka samu a wannan shekara. Na watan Agusta ya faɗo a fili sararre, babu kara babu ciyawa, ruwan sama ya dake shi daren farko, mazan kuma suna ratsawa ta kansa. Ya mutu a rana ta uku. Na watan Oktoba, namiji, ya zo ne bayan an ware sabon namijin da ya rage saboda raunin ƙaho da ya samu a cinya, shingen ya yi shiru, kuma ya rayu. A ƙarshen shekara ana da kai shida, maza uku mata uku, alhali an ƙaro biyu daga waje.

Farkon shekara ta uku: batun allura

A watan Janairu Alhaji ya kira wani matashin likitan dabbobi, ya nemi a yi wa matan allurar da ake yi wa tumaki da awaki don su saki ƙwai da yawa. Likitan ya zagaya shingen, ya saurari yaron, ya tambayi kwanakin da kowane ɗa ya yi kafin ya mutu, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, allurar tana nan, amma ko ta ci ba za ta biya maka bukata ba. Ɗaya ɗin da suke haifa ma ba mu riƙe shi ba tukuna."

Bayanin da ya yi shi ne cewa yawan ƴaƴa a haihuwa ɗaya tafe yake da yadda kowace dabba take rainon su. Ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda ke da kan nono har ashirin da wani abu, yana haifar goma ko fiye bayan ciki na kwana 23, tsirara, makafi, cikin rami, kuma mafi yawansu ba su kai wata shida ba. Zakanya tana haifar ɗaya zuwa huɗu bayan kimanin kwana 110, ta ɓoye su a sarƙaƙiya. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗaya, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Barewa tana ɓangaren masu zuba duk ƙarfinsu a kan ɗa guda: ciki kusan wata shida, ɗa ɗaya babba mai gashi, idonsa buɗe, wanda ke miƙewa tsaye jim kaɗan bayan haihuwa. Kwanciyar da yaron ya gani ba ƙiyayya ba ce. Haka jaririn barewa yake ɓuya a makonnin farko, uwar kuma da gangan take nisantarsa don kada ta nuna wa dila inda yake, sai ta zo sau kaɗan a yini ta shayar da shi ta koma.

Da Alhaji ya ce ai Turawa da Sinawa suna da dabarun da suke ninka namun daji a gidajen ajiyarsu, sai likitan ya kawo masa labarin panda, domin babu dabbar da aka kashe wa dukiya kan haihuwa kamarta. Panda dangin beyar ce, fara da baƙi, ba ta rayuwa a daji sai a duwatsun lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu na ƙasar Sin, kuma ƙidayar da aka fitar a 2015 ta nuna 1,864 ne a dajin. Macen tana neman namiji sau ɗaya tak a shekara, tsakanin Maris da Mayu, kuma kwana ɗaya zuwa uku ne kawai take iya ɗaukar ciki. Tsawon cikin ma ba shi da tsayayyen lissafi, daga kwana 95 zuwa 160, saboda ƙwan yakan daɗe a mahaifa kafin ya manne ya fara girma. Jaririn yana zuwa da nauyin giram 90 zuwa 130, makaho, kusan babu gashi, daga uwa mai kilo ɗari ko kusa da haka, wato kamar kashi ɗaya cikin 900 na nauyinta.

Abin da ya ja hankalin Alhaji shi ne jin cewa kusan rabin haihuwar panda tagwaye ne, amma uwar ɗaya take ɗauka ta bar ɗayan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jaririn ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya iya fitsari ko kashi sai ta lashe shi, don haka tana rungume da shi a ƙirji dare da rana, har takan yi kwanaki ba ta ci ba. Abincinta kuma gora ce, wadda ba ta da ƙarfin da zai cika nono na biyu. An haifi panda ta farko a hannun mutane a gidan namun daji na Beijing a 1963, an kuma yi nasarar ɗura maniyyi a 1978, amma shekaru da yawa ɗan da uwa ta bari yakan mutu a hannun masu reno da madarar gwangwani. Sai a 1990, a Chengdu, aka raya tagwaye duka biyu ta hanyar musanya: ɗaya yana ƙirjin uwa, ɗayan yana cikin kwalbar ɗumama jarirai, bayan ƴan sa'o'i a lallaɓa a sauya su, ta yadda kowanne zai sha nonon uwa ya kuma samu lasarta. Da wannan dabara aka raya tagwayen da aka haifa a gidan namun daji na Beauval a Faransa a 2021, inda a 2017 uwar nan ɗin ta haifi biyu ɗaya ya mutu. Akan samu wadda ta fita daban, kamar wata uwa a Vienna da ta raini tagwayenta da kanta a 2016, amma ba a gina lissafi a kan irinta.

Alhaji ya janye batun allura, ko da yake ya faɗa wa likitan cewa shekara ɗaya ya ba shi.

Fabrairu zuwa Yuni: gyaran wuri

An faɗaɗa shingen zuwa mita 40 da mita 30, aka matsar da shi nesa da awaki, domin annobar awaki da tumaki tana kama barewa. An ɗaure zana a jikin ragar waya zagaye, saboda barewar da ta firgita ba ta ganin waya amma tana ganin zana ta kauce. An dasa gamba a kusurwa uku, aka mayar da tarin kara, aka bar sabara biyu da suka tsiro da kansu. An janye hatsi sannu a hankali cikin mako uku, aka koma harawa da ganyen magarya da na aduwa da ƴaƴan gawo, da ɗan gishirin lasa.

Game da maza, an bar ɗaya kawai tare da matan, kuma sabon aka zaɓa, ba na farkon ba, domin ƴar da aka haifa a shekarar farko ɗiyarsa ce kuma ta isa barbara. Wannan ba tsantseni ne kawai ba: binciken da aka buga a 1980 kan wani garken barewar hamada a gidan namun daji na Washinton ya nuna cewa ƴaƴan da iyayensu ke da kusancin jini sun fi mutuwa suna ƙanana. Tsohon namijin an ba da shi ga wani mai izini da sanin ma'aikatan gandun daji, ƙaramin kuma aka yi masa ɗan shinge daban.

Doka ta ƙarshe ta shafi yaron: kada ya taɓa jariri, kada ya shiga shingen sai don ruwa da abinci. An huda zana a wuri biyu, aka ba shi littafi ya riƙa zama da asuba da kuma bayan la'asar yana rubuta lokacin da kowace uwa ta shayar.

Agusta da Satumba: ɗan da ya sha nono biyu

Manyan biyu sun haihu a watan Agusta, kowace ɗa ɗaya mace, cikin gamba, kuma littafin ya nuna suna shayarwa safe da yamma. Ta ukun, wadda haihuwar fari ce gare ta, ta haifi namiji a tsakiyar Satumba, kuma nan ne littafin ya yi amfaninsa. Tana zuwa wurinsa, tana lasar sa, amma da ya kama nono sai ta yi tsalle ta matsa, bai fi ya sha na ƴan daƙiƙu ba. A rana ta biyu da yamma, maimakon ya yi luf kamar sauran, ya riƙa tashi yana yawo yana kuka. Yaron bai ɗauke shi ba, ya kira waya ya ce: "Baba Alhaji, wannan kukan yunwa ne, a turo likita."

An auna shi cikin buhu a sikelin rataye, kilo 2 da giram 200. Washegari ya sauka zuwa kilo 2 cif. Likitan ya ƙi a raba shi da uwar. Dabbobi masu tuƙa ba su samun kariyar cuta daga uwa tun suna ciki, daga dakashi suke samun ta, kuma hanjin jariri yana karɓar ta ne a yinin farko kawai. Wannan ɗan ya samu ɗan abin da ya samu, kuma nonon barewa ya fi na saniya kauri da maiƙo, don haka ko kaɗan ne bai kamata a yanke masa shi ba. Sai aka zaɓi wata jar akuya lafiyayya, mai rigakafi, wadda ta haifi ɗaya a makon. Sau biyu a yini, da hantsi da kuma bayan azahar, lokacin da uwar take can nesa a inuwa, yaron yakan shiga ta ƙofar baya a sunkuye, ya rufe wa ɗan ido da tsumma, ya fito da shi bayan zana inda wani ke riƙe da akuyar. A karon farko sai da aka tatsa nonon a yatsa aka shafa masa a baki, ya yi ta tunkuɗar hantsar ta gefe kafin ya kama. Idan ya sha sai a goge masa baki, a shafe jikinsa da ciyawar makwancinsa, a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi. Duk aikin ba ya wuce minti goma.

A rana ta bakwai ya koma nauyin da aka fara auna shi. A ta goma littafin ya nuna uwar ta fara tsayawa har ya ƙoshi, hantsarta ta saki. An rage akuyar zuwa sau ɗaya, aka daina gaba ɗaya a rana ta goma sha shida. Duka ukun sun kai yaye.

Shekara ta huɗu

Matan uku sun sake haihuwa a damina, kowace ɗa ɗaya. Biyu sun rayu. Na ukun an tarar da shi a mace da safe a rana ta shida, ƙafarsa ta baya a kumbure, aka fi zaton saran maciji a cikin gamba. Garken ya tsaya a kai goma, rabin abin da Alhaji ya lissafa tun farko.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Cikin shekara huɗu an yi haihuwa goma, kuma ko sau ɗaya ba a ga tagwaye ba, da hatsi da babu hatsi, da namiji uku da namiji ɗaya. Abin da ya sauya shi ne rayuwar ƴaƴan: biyu cikin huɗu kafin gyara, biyar cikin shida bayansa. Adadin ya yi kaɗan a kafa hujja mai ƙarfi da shi, kuma da yake an yi gyare-gyaren a lokaci ɗaya ba za a iya ware rabon kowanne ba. Duk da haka, biyun da suka rayu tun kafin zuwan likita suna nuna inda nauyin yake, domin ɗaya ta samu maɓoya, ɗayan ya samu shiru, kuma babu wanda aka ɗauke daga uwarsa.

A ganina matakan shekara ta biyu sun gaza ne saboda sun nufi abin da ba ya hannun mai kiwo. Jar akuya ta yi ƙarnoni a hannun mutane suna zaɓen mai yawan haihuwa suna kuma tsare mata ƴaƴa, barewa kuwa ba ta bi ta wannan hanya ba. Dabarar akuyar reno ta ci ne domin ta ƙara a kan nonon uwa ba ta maye gurbinsa ba, kuma wannan kaɗai aka aro daga aikin panda. Maɓoya ma ba kyauta take ba, tun da gambar da ta ceci biyar ita ake zargi da ɓoye macijin da ya kashe ɗaya. Yanzu ana yanke ciyawar da ke wajen shingen, ana barin ta ciki.

Saurin da garken ya samu shi ne saurin da irin waɗannan dabbobi suke da shi, kuma jihar Maradi tana da misalinsa a gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo. Raƙuman dawan Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, kuma da ciki na wata 15 da ɗa ɗaya a kowace haihuwa sai da suka ɗauki fiye da shekara ashirin kafin su haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas daga yankin Kure aka kai Gadabeji.

Matsalar da ke gaban Alhaji yanzu ta maza ce. Cikin kai goman biyar maza ne, ɗaya kawai ake bukata, kuma matan da aka haifa a shekara ta uku ɗiyan namijin da ke cikin shingen ne, sun kuma isa barbara. Ya shigar da takarda wurin ma'aikatan gandun daji yana neman izinin musanya shi da wani daga garken da ba su haɗa jini ba, an kuma fara kafa shinge na uku a gefen garkar don samarin.